Tabon Ciki da Tsakuwar Ƙoda

Laccar da wani likita mai ƙaro karatu a Guangzhou ya gabatar wa Hausawa mazauna birnin da 'yan kasuwa masu zuwa sari

Na san yawancinku daga kasuwa kuka wuto nan, wasu ma kayansu na can wurin masu kago ba a gama aunawa ba, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganar da aka ba ni ita ce tsakuwar ƙoda, amma ba dukkanta zan ɗauka ba. Ɓangare guda zan kama, wanda ko a asibiti ba kasafai ake zaunar da majiyyaci a yi masa bayaninsa ba, wato tsakuwar da ke fito wa mutum bayan an yi masa aikin hanji. A ce an yanke wa mutum wani yanki na hanjinsa a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Ya warke sumul, an cire zare, ya koma harkokinsa. Bayan shekara biyu ko biyar, yana tsakiyar ciniki a Sanyuanli, nan Guangzhou, sai ciwo ya soke shi a kwiɓi, ya gangaro mara, har ya kai shi ga birgima a ƙasa. A kai shi asibiti, a ɗauki hoto, a ce tsakuwa ce, a cire. Kafin shekara ta zagayo wata ta fito. Shi bai ga abin da ya haɗa tsohon tabon cikinsa da wannan ciwo ba, likitan da ya cire tsakuwar kuma babu wanda ya gaya masa labarin tabon. Alhali daga hanjin nan ne tsakuwar ke samun abin da take ginuwa da shi.

Kafin in shiga yadda abin yake, ku san irin garin da kuke zaune a ciki. Guangzhou ta daɗe da sanin tsakuwa. A 1835 wani likita Ba'amurke, Peter Parker, ya buɗe asibiti a garin nan, a 1844 kuma ya yanka mutum ya ciro masa tsakuwa daga mafitsara, tun kafin allurar barci ta iso. Wanda ya gaje shi, John Kerr, ya riƙe asibitin sama da shekara 40, ya yi irin wannan aiki fiye da sau 1,000. A asibitin ne Sun Yat-sen ya fara karatun likita a 1886, kuma har yau asibitin yana nan bakin kogi, yana ɗauke da sunansa. A zamaninmu kuwa, likitocin asibiti na farko na Jami'ar Koyon Likitanci ta Guangzhou sun yi fice a duniya wajen ciro tsakuwa ta 'yar ƙaramar ƙofa a baya. Farfesa Zeng Guohua da abokan aikinsa sun ƙanƙantar da kayan aikin har ƙofar ba ta kai rabin santimita ba. Su ne kuma suka bi sassan ƙasar Sin suna yi wa manya fiye da 9,000 sikanin, suka fitar da sakamako a 2017 cewa kusan mutum 1 cikin 17 na ɗauke da tsakuwa a ƙodarsa, kuma kudanci, inda muke, ya fi arewaci. Don haka idan maganar cirewa ce, kun faɗo hannun gwanaye. Sai dai cirewa daban, hana ta dawowa daban, kuma na biyun ya fi dogara da abin da majiyyaci ya sani game da cikinsa.

To, me ya haɗa hanji da ƙoda?

Mafi yawan tsakuwar ƙoda, kamar kashi 70 zuwa 80 cikin 100, haɗuwar sinadarai biyu ce: kalsiyam, wanda kuka sani a madara da ƙashi, da wani da ake kira okzalet, wanda ke cikin ganyaye da 'ya'yan itatuwa da yawa. Jiki ba ya amfanuwa da okzalet da komai. Duk wanda ya shiga jini, ƙoda ce za ta fitar da shi ta fitsari. A jikin mai lafiyar hanji, sinadaran biyu suna haɗuwa tun a cikin hanji, su daskare, su bi bayan gida su fita. Kaɗan ne ke tsallakawa cikin jini, galibi bai wuce kashi 10 cikin 100 na abin da aka ci ba. Wato wannan tsakuwa da muke tsoro, kullum ana yin garinta a hanjin kowannenmu, amma a inda ba ta cutar da kowa.

Yanzu ga inda aikin tiyata ke shigowa. Ƙaramin hanji dogo ne, mitoci da dama, kuma kowane yanki da aikinsa. Yankin ƙarshe, dab da inda yake haɗuwa da babban hanji a ƙasan ciki ta dama, shi ke da alhakin tsotse ruwan ɗacin da hanta ke yi, wanda matsarmama ke ajiyewa. Wannan ruwan ɗaci shi ke narkar da maiƙo. Jiki ba ya wasa da shi: kusan kashi 95 cikin 100 ana tsotse shi a wannan yanki na ƙarshe, a mayar wa hanta, ta sake turo shi, haka sau da yawa a yini. Idan aka yanke yankin, ruwan ɗacin sai ya riƙa zubewa cikin babban hanji. Idan abin da aka yanke bai kai santimita 100 ba, hanta takan ƙara himma ta cike giɓin, mutum ya tsira da ɗan zawo. Idan ya wuce haka, hanta ta gaza, maiƙon abinci ya daina narkewa yadda ya kamata, ya riƙa wucewa ɗanye.

Duk wanda ya taɓa ganin iyayenmu mata suna haɗa sabulun salo ya san idan mai ya gamu da ruwan toka, sabulu yake zama. Haka maiƙon nan da bai narke ba yake yi wa kalsiyam a cikin hanji: ya kama shi, su zama sabulu na gaske, su fita tare. Okzalet kuwa, da yake an ɗauke masa abin da zai daskarar da shi, sai ya isa babban hanji a narke. A can kuma ruwan ɗaci da maiƙo sun riga sun sassauta bangon hanjin, don haka ya sami hanya ya kwarara cikin jini. Wanda a da kashi 10 yake tsotsa, yanzu sai ya tsotsi ninki uku ko fiye. Mai lafiya ba ya fitar da okzalet fiye da miligiram 40 zuwa 45 a fitsarin kwana guda. Mai wannan lalura yakan kai 100, wani ya zarce. Ƙari a kan haka, zawo ya zuƙe masa ruwan jiki, fitsari ya yi kaɗan ya yi kauri, sannan wani sinadari mai suna sitiret, wanda aikinsa hana gari ya dunƙule ya zama tsakuwa, shi ma ya ragu. Komai ya haɗu.

Ba tun fil azal likitoci suka san wannan ba. A farkon shekarun 1970 ne masu bincike a asibitin Mayo na Amurka da wasu a Landan suka lura cewa waɗanda aka yanke wa ƙarshen ƙaramin hanji suna yawan dawowa da tsakuwa, suka kuma gano cewa daga abinci okzalet ɗin ke fitowa. A 1977 wasu masu bincike biyu, Dobbins da Binder, suka nuna cewa sai da babban hanji abin ke faruwa. An koyi darasin ne da tsada. A shekarun 1960 da 1970 an yi yayin wani aikin rage ƙiba a Amurka, inda ake tsallake kusan dukkan ƙaramin hanji, a bar ɗan guntu. Mutane sun rame yadda suke so, amma tsakuwa da lalacewar ƙoda da ciwon hanta suka biyo baya, har aka yi watsi da aikin. Daga baya wani nazari a Ingila kan masu gajeren hanji ya nuna cewa cikin waɗanda babban hanjinsu ke nan a haɗe, kusan 1 cikin 4 ya kamu da tsakuwar ƙoda.

Kada wani ya fita daga nan hankali tashe don an taɓa cire masa afendis, ko an gyara masa ƙaba ba tare da an taɓa hanji ba, ko hajiya an yi mata aikin haihuwa. Waɗannan ba sa cikin lissafi. Waɗanda nake nufi su ne waɗanda aka yanke wa hanji mai tsawo, musamman ƙarshensa. A ƙasashenmu abubuwan da ke kai mutum ga haka sanannu ne. Akwai taifot da ya huda hanji, wanda duk likitan fiɗa a Kano ko Sakkwato ko Galmi ya san shi kamar yunwar cikinsa, kuma abin takaici, a daidai wannan yanki na ƙarshe yake hudawa. Yawanci ɗinke hujin ake yi ko a yanke ɗan kaɗan, amma idan hujin ya yi yawa ko an makara, yankan kan yi tsawo. Akwai ƙabar da ta shaƙe hanji ya mutu, da hanjin da ya murɗe, da tarin fuka na ciki, da raunin harsashi ko haɗarin mota. Akwai cutar Crohn, mai sa hanji kumburi da gyambo, wadda a da ake ɗauka ta Turawa ce. Wani nazari da aka buga a 2013 ya nuna cewa Guangzhou na kan gaba cikin biranen Sin da aka duba wajen samun sababbin masu irin wannan kumburin hanji, kuma asibiti na shida na Jami'ar Sun Yat-sen, can Tianhe, ya ƙware a kanta. Cutar Crohn tana kama da tarin fuka na hanji ƙwarai, har takan rikita likita.

Sai kuma wanda ke ƙaruwa a tsakanin masu hali, aikin rage ƙiba. Mutanenmu na zuwa Masar da Indiya da Turkiyya a yi musu, a nan garin ma asibitin Jami'ar Jinan ya shahara da shi. Iri biyu ne suka fi yawa. Wanda ake rage girman tumbi kawai ba ya jawo tsakuwa sosai. Wanda ake karkatar da hanyar abinci a tsallake wani yanki na hanji, shi ne mai magana. Wani bincike a jihar Minnesota da aka buga a 2015 ya sami tsakuwa a jikin kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin rage ƙiba, alhali a tsakanin masu ƙiba irinsu da ba a yi wa ba, kashi 4 ne. Ban ce aikin ba shi da amfani ba, yana sauƙaƙa ciwon suga da hawan jini matuƙa. Amma wanda zai kashe miliyoyi a kansa, ya tambayi wane iri za a yi masa. A nan zan ɗan ratse: ƙwayar rage ƙiba mai suna orlistat, wadda wasu ke saya ba da izinin likita ba, aikinta ke nan hana maiƙo narkewa. Wato abin da tiyata ke jawowa bisa larura, mutum ya saye shi da kuɗinsa.

Alamar da mutum zai gane maiƙo na wuce masa ɗanye ba ɓoyayya ba ce, kunya ce kawai ke hana faɗa. Bayan gida ya yi fari-fari, ya yi yauƙi, ya yi wari fiye da kima, yana iyo a saman ruwa, a kora ya ƙi tafiya. Wanda aka yi wa aikin hanji kuma yana ganin haka, ya gaya wa likita da bakinsa, ko da ta manhajar fassara ta waya ce.

Akwai rukuni na biyu da tsakuwarsu daban ce, kuma shawararsu daban. Su ne waɗanda aka cire wa babban hanji, ko aka fito musu da bakin ƙaramin hanji ta gefen ciki ana manna jaka. Tunda abinci ba ya bi ta babban hanji, okzalet bai cika damunsu ba. Matsalarsu ruwa da gishiri da suke asara ta jakar nan dare da rana, tare da sinadarin da ke kashe tsami a jiki. Fitsarinsu sai ya yi kaɗan ya yi tsami, a irin wannan fitsari kuma yurik asid ke daskarewa. Wannan tsakuwa ba ta fitowa a hoton eksire na yau da kullum, sai sikanin ko hoton siti. Amma tana da kirki guda: ana iya narkar da ita da magani, idan aka rage tsamin fitsari da fotasiyam sitiret. Su waɗannan, kwankwaɗar ruwa zalla wani lokaci ƙara musu zubar ruwa yake yi. Ruwan gishiri da suga, wanda muka raina muka bar wa yara masu gudawa, shi ne nasu.

Mu dawo ga rukunin farko, ga abin da za a yi, domin a nan ne hankali ke yaudarar mutum. Da zarar an ce tsakuwarka ta kalsiyam ce, abin da zuciya ke rayawa shi ne a daina madara da nono. Har likitoci sun daɗe suna ba da wannan shawara. Kuskure ne. A garin Parma na Italiya an raba maza 120 masu yawan tsakuwa gida biyu. Rabi aka rage musu kalsiyam, rabi aka bar musu shi daidai aka rage musu gishiri da nama. Bayan shekara 5, sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna tsakuwa ta dawo wa mutum 23 a rukunin da aka hana kalsiyam, a ɗayan kuwa 12. Waɗannan ma hanjinsu lafiya lau. Ga wanda aka yanke wa hanji, buƙatar ta fi ƙarfi, tunda maiƙo yana sace masa ɗan abin da ya ci. Sharaɗin shi ne kalsiyam ɗin ya shiga tare da abinci, a loma guda, don ya tarar da okzalet a hanji ya kama shi. Wanda ya ci miyar alayyafo da rana ya sha madara da dare bai yi komai ba. Baligi na buƙatar miligiram 1,000 zuwa 1,200 a yini, kofin madara guda kuma na ba da kusan 300. A gida, nono tsala wanda aka kaɗe aka cire mai ya fi kindirmo dacewa da irin wannan majiyyaci. A nan kuwa akwai yogot mara maiƙo a kowane kanti. Sau da yawa abinci kaɗai ba ya isa, likita kan rubuta ƙwayar kalsiyam a riƙa haɗiya a tsakiyar cin abinci.

Rage maiƙo shi ne mafi wuya, kuma na san inda nake magana. Gidajen abincinmu na Xiaobei, miya sai mai ya taso ya rufe ta, naman rago na 'yan uwanmu Musulmin Xinjiang kitse ne ke ɗigowa a kan garwashi, ga soyayyar kaza, ga taliyar Lanzhou da man barkono a sama. Baƙo ya wuni yana yawo, da dare ya zauna ya rama. Mai lafiyar hanji ya ci abinsa. Amma wanda aka yanke wa mita guda, kowane cokalin mai da ya ƙaru kalsiyam yake ɗauke masa. Gasasshe ya fi soyayye, dafaffe ya fi duka, kuma ci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi cika tumbi lokaci guda. Idan zawo ya ƙi tsayawa akwai wani garin magani, cholestyramine, da ke kama ruwan ɗaci a hanji, amma wannan sai likita ya auna.

Sannan a rage abubuwan da okzalet ya yi yawa a cikinsu. Alayyafo na kan gaba, namu da nasu. Sai gyaɗa da ƙuli-ƙuli, riɗi, kuɓewa, yakuwa, gwaza, dankalin Hausa, cakulan, da baƙin shayi mai kauri irin wanda ake barin ganyen ya daɗe a wuta. Ban ce a haramta su ba. Idan aka hana Bahaushe gyaɗa da kuɓewa da shayi gaba ɗaya, ƙarshenta ya watsar da dukkan shawarar. A rage, a haɗa da nono. Akwai kuma dabarar da za mu koya wurin mutanen garin nan: kafin su soya ganye sukan tsoma shi a tafasasshen ruwa, su tsame, su zubar da ruwan. Tafasawa na fitar da kaso mai yawa na okzalet ɗin da ke narkewa, daga sulusi zuwa fiye da rabi. Mu kuwa a cikin miyar muke yanka ganyen, ruwan da ya kamata a zubar shi muke sha.

Abu biyu ne zan ce a kiyaye su kwata-kwata. Akwai wani ɗan itace da ake sayarwa a kasuwannin nan, rawaya ko kore-kore, mai kusurwa biyar, idan aka yanka shi sai ya fito da siffar tauraro. Sinawa na kiransa yangtao. Yana da sanyi a maƙogwaro lokacin zafi, ana kuma matse ruwansa. Okzalet ɗin cikinsa, musamman mai tsamin, ya isa ya toshe ƙoda cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka sha ruwansa da yawa a kan yunwa da ƙishirwa, kuma likitoci a Taiwan sun rubuta labarin waɗanda hakan ta faru da su. Ga mai raunin ƙoda kuma yana da wata guba da ke taɓa ƙwaƙwalwa, ta fara da shaƙuwa mara tsayawa. Haka nan ƙwayoyin bitamin C masu ƙarfi, irin na miligiram 1,000 da ake jefawa a ruwa suna tafasa, waɗanda tun lokacin korona mutane suka mayar da su abin sha. Jiki na juya rarar bitamin C ya koma okzalet. Lemon tsami a ruwan sha ba laifi, yana ma ƙara sitiret. Ƙwayar ce matsala.

Za a kai ku kasuwar Qingping a nuna muku ganyayen da aka ce suna narkar da tsakuwa, kamar yadda a gida za a ce a jiƙa kanwa ko a sha sassaƙe. Tsakuwar okzalet ba ta narkewa da kowane irin jiƙo. Idan ƙarama ce ta fita, ruwan da aka sha ne ya taimaka. Kuma haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba sun taɓa yin ɓarna: a farkon shekarun 1990 mata da dama a Beljiyam sun rasa ƙodarsu saboda wani ganye da ya shiga cikin maganin rage ƙiba.

Maganar ruwa kowa ya santa, amma ma'aunin ba abin da aka sha ba ne, abin da aka fitar ne. Ana so fitsarin kwana guda ya kai lita 2 zuwa 2 da rabi, launinsa ya yi fari-fari. A garin nan daga watan Mayu zuwa Satumba zufa ba ta bushewa a jiki. Ɗan kasuwa ya fita tun safe, daga bene zuwa bene, daga wannan masana'anta zuwa waccan a Foshan ko Dongguan, yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matse shi a hanya ko alwala ta karye. Ranar komawa kuma ya yi awa goma ko fiye a jirgi zuwa Addis Ababa yana ɗan kurɓa. Mai cikakken hanji ma yana wahala da haka, balle wanda zawo ke rage masa. Game da azumi, malamai na zaune a nan, su ne masu fatawa. Abin da zan ce a matsayina na likita shi ne, akwai waɗanda za su iya idan suka cika ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, akwai kuma waɗanda wuni guda ba ruwa zai iya kai su gadon asibiti, musamman masu jaka da masu gajeren hanji sosai. A je a auna kafin wata ya kama, a kawo wa malam sakamakon, ya yi hukunci a kan abin da yake tabbas.

Awon da nake nufi ba mai tsada ba ne, sai dai yana buƙatar haƙuri. Za a ba ka jarka, sau da yawa da ɗan magani a gindinta, kada ka zubar kuma kada ya taɓa hannunka. Fitsarin farko na safe ka zubar da shi, ka duba agogo. Daga nan duk wanda ka yi, dare da rana, cikin jarkar zai shiga, har da na farkon safiyar gobe. Ka ajiye ta a inuwa. Kada ka gyara cin abincinka ranar don ka burge likita, ka ci abin da ka saba. Daga jarkar nan za a ga yawan fitsari, da okzalet, da sitiret, da tsami, a san inda za a kama. Haka kuma idan tsakuwa ta fito, ko ta fita da kanta ko an ciro ta, kada a jefar kuma kada a ajiye ta a kwalba don nuna wa baƙi. A kai ta ɗakin gwaji a faɗi irinta.

Dalilin da ya sa na nace shi ne, a jikin waɗannan majiyyata ba tsakuwar da ke sa birgima ce kaɗai abin tsoro ba. Garin okzalet na iya zama a cikin naman ƙodar kansa, a hankali, ba ciwo ba alama, har ƙodar ta gaza. Wanda ya san abin da wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ke yi wa dukiyar gida, ya san awon jini sau ɗaya ko biyu a shekara ba asara ba ne. A kuma yi hattara da diclofenac da ibuprofen. Suna kashe ciwon tsakuwa sosai, amma ga wanda jikinsa ya bushe ko ƙodarsa ta raunana, ƙara mata nauyi suke.

Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba galibi takan fita da kanta, wadda ta wuce 10 kuwa da wuya. Amma idan ciwon ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana shan komai, ko mutum ƙoda ɗaya gare shi, wannan ba ta jiran gari ya waye ba ce. A kira 120, ko a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa. Na san abin da ke sa wasu jinkiri, batun biza da kuɗin ajiya da rashin harshe. Ƙodar da ta toshe kuma ƙwayar cuta ta shiga tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. A nan ne shugabannin al'umma za su taimaka, a san ɗaliban da ke jin Sinanci waɗanda za a iya tasa cikin dare.

Abu na ƙarshe takarda ce. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa aikin hanji a gida, abin da suke fita da shi daga asibiti bai wuce "an yi mini aiki, Allah ya ba da sa'a" ba. Likitan nan na Guangzhou ba shi da hanyar buɗe fayil ɗin da ke Kano. Duk wanda aka yi wa aiki, ko aka yi wa ɗansa bayan taifot, idan ya koma gida ya je asibitin ya nemi a rubuta masa abu huɗu da Turanci: me ya sa aka yi aikin, wane yanki aka yanke, santimita nawa aka cire kuma nawa ya rage, sannan babban hanji na nan a haɗe ko babu. Ya ɗauki hoton takardar ya bar shi a waya, kusa da hoton fasfo. Wanda aikinsa ya daɗe har fayil ya ɓace, aƙalla ya ɗaga riga ya nuna tabon kafin a tambaye shi, ya faɗi shekarar, ya faɗi yadda bayan gidansa yake tun daga lokacin. Iyaye kuma, yaron da aka yi wa aiki yana ɗan shekara takwas ba zai tuna komai ba idan ya kai talatin, ku ne za ku adana masa.

A nan zan dakata. Na ga alhaji can baya ya ɗaga hannu tun ina maganar shayi, bismillah, a miƙa masa abin magana.